Ranar da Na Riƙe Fatiha

Da sunan Allah nake ci gaba, kamar yadda na fara da sunansa. 'Ya'yana da jikokina, yanzu na iso shekarar da ruwa ya shiga garinmu Maiduguri, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin akwai wata magana da take yawo a cikin dangi wadda nake so in miƙar da ita tun ina da sauran numfashi. Na ji ana cewa wai na kunyata aminina Ba Modu a gaban jama'a saboda mota. Wasu ma sun ƙara mata gishiri, sun ce na kira shi maƙaryaci. Ban kira shi ba. Ga yadda abin ya faru, kuma Ba Modu yana nan da ransa, duk wanda ya ga na karkata ya je ya tambaye shi.

Ba zan ba ku labarin ruwan ba, manyanku sun taka shi da ƙafafunsu. Abin da zan ce kawai, mun bar gidanmu na Abbaganaram da kayan jikinmu, muka sauka a Bolori wurin dangin mahaifiyarku Hajja Fanna. Ni asarar da na yi ta takarda ce da tawada, domin sana'ata tun ina saurayi rubutun Alƙur'ani ce da hannu, kuma takarda ana sake sayenta. Wadda ruwa ya karya ita ce babbar yayarku Yagana. Mijinta ya rasu kafin nan ya bar mata marayu, da ɗan shagonta na turaren wuta da humra a Bulabulin take ciyar da su. Da ruwa ya janye muka je, babu abin da ya rage a shagon sai laka da fasassun kwalabe. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ba ta yi kuka ba. Ni kukan ya fi mini sauƙi da wannan shirun.

Yagana ba mai zama ba ce. Bayan ɗan lokaci ta lura iyaye da yawa da suka koma Bolori 'ya'yansu suna makarantun cikin gari, kullum da safe ana kokawar neman abin hawa, kuma iyaye mata ba sa son saka ƙananan yara mata a keken haya su kaɗai. Ita kuwa ta iya tuƙi, marigayi mijinta ya koya mata. Sai ta bi gida gida ta yi magana da matan, suka ce idan ita ce za ta tuƙa, sun ba ta 'ya'yansu. Ta sayar da filin da marayunta suka gada da yardar baffanninsu, ta haɗa da gwal ɗin aurenta. Ku riƙe wannan da kyau. Abin da ke hannunta a lokacin shi ne ƙarshen abin da ta mallaka, ita da yaranta. Idan motar da za ta saya ta fita lafiya, gida ya tashi. Idan ta fita ruɓaɓɓiya, babu wani fili ko gwal da za a sake sayarwa.

Babu wanda ya yi shawarar wurin wa za a je, domin kowa ya san Ba Modu dillalin motoci ne. Ni da shi tare muka tashi. Mahaifina daga Kano ya zo, shi ya sa har yau Ba Modu ba ya kirana da sunana, sai dai Afuno, wato Bahaushe da yarensu, ni kuma in ce masa Babarbare. Shi ya ba da auren Yagana a matsayin uba. Da na faɗa masa buƙata sai ya dafa ƙirji.

"Afuno, 'yata ce. Ka koma kan alƙalaminka. Motar da zan kawo mata ko ɗigon ruwan garin nan ba ta taɓa gani ba."

Wannan maganar tasa tana da dalili. A shekarar nan duk mai sayen mota a Maiduguri abu ɗaya yake tsoro, kada a haɗa shi da wadda ta kwana a cikin ambaliya aka wanke aka fesa mata turare. Mutane suka koyi sansana mota kamar masu sayen kifi. Za ka ga babban mutum da babbar riga ya durƙusa ya cusa hanci a ƙarƙashin kujera. A ɗaga kafet, a leƙa inda ake ajiye tayar safaya, a nemi jar laka irin tamu. Idan kuwa takardar kwastan ta nuna mota ta shigo ƙasa bayan ruwa ya janye, shi ke nan, magana ta ƙare, kowa ya saki jiki. Wannan ba ta sha ruwa ba, haka ake cewa. Ni ma haka na ɗauka.

Ana saura kwana kaɗan a kawo motar, Yagana ta kawo mini shayi da hantsi, ta zauna a gefen tabarma tana jujjuya waya. Na san akwai magana.

"Baba, wata ƙawata ta ce kowace mota tana da lambar jikinta, casis suke ce mata. Idan daga waje ta zo, ana saka lambar a waya a biya ɗan abu kaɗan, sai tarihinta ya fito. Hatsarin da ta yi, da tafiyar da ta yi, har da hotonta a can."

"To ki duba mana."

"Ina jin nauyin Ba Modu, Baba. Yaya zan ce masa ya ba ni lamba in bincika? Na bari sai an gama ciniki, ranar da za mu canja takardu sai in duba, don dai hankalina ya kwanta."

Na ajiye kofin. Na ce mata idan an gama ciniki an shafa Fatiha, sannan waya ta ce motar ba ta da kirki, sai a yi yaya? Ku da kuka tashi a zamanin sa hannu a takarda, bari in gaya muku yadda abin yake a wurinmu. A tsakanin mutanenmu, idan mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya ce ya karɓa, aka ɗaga hannu aka shafa Fatiha, ciniki ya ɗauru. Wanda ya dawo bayan Fatiha yana cewa ya fasa, ba mai kaya kaɗai ya ɓata wa ba, ya raina duk hannun da aka ɗaga a wurin. Ba za a sake zama da shi a kan wata magana ba. Ni a aikina, idan na rubuta shafi, sai na gwada shi da uwar littafi baƙi bayan baƙi kafin in sa masa wasali da jar tawada, kafin zayyana, kafin ya shiga gafaka. Bayan mai shi ya ɗauka ya rataya ba lokacin gyara ba ne. Na ce mata ta bar mini nauyin, ni zan ɗauka.

Sai dai na yi ta jinkiri. Sau da yawa na ɗauki waya in kira Ba Modu in ce ya turo lambar tun motar tana hanya, bakina ya yi nauyi. Da na yi hakan a lokacin, da abin ya tsaya tsakanina da shi. Wannan ita ce gaɓar da ta fi dacewa, tun ido bai ga mota ba, tun zuciya ba ta kwanta mata ba. Allah bai nufa ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar sai ga shi da ita. Fara ce ƙal, mai kujeru layi uku, tana ƙyalli kamar yau aka ƙera ta. Maƙwabta suka fito. Hajja Fanna ta leƙo ta bayan labule tana ta guɗa ƙasa-ƙasa. Bakaniken da muka kira ya buɗe gaba ya saurari inji, ya ɗaga kafet, ya sansana, ya ce tas take. Ba Modu ya zaro takardar kwastan ya ɗaga sama, kowa ya ga ta shigo bayan ruwa. Yagana ta shiga ta riƙe sitiyari, na ga fuskarta ta yi hasken da rabon da in gan shi tun kafin mijinta ya rasu. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kawo dabino da goro. Ba Modu ya faɗi kuɗi, ya ce la'adarsa ya bar wa marayu. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Sannan ya juyo gare ni ya buɗe tafukansa.

"Malam, ja mana Fatiha."

Kowa ya ɗaga hannu. Ni na bar nawa a kan gwiwa. Wallahi na ji nauyinsu kamar an ɗora musu dutse.

"Ba Modu, a ɗan saurara wa Fatihar zuwa gobe. Yarinyar nan za ta ɗauki lambar jikin motar ta duba tarihinta."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasan da muka saba ne.

"Afuno dai! Ko ragon layya sai ya tambayi sunan kakarsa. Ja Fatiha, goro yana bushewa."

"Da gaske nake."

Hannaye suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ni za ka bincika?"

"Mota zan bincika. Kai na san tarihinka tun kana yawo ba wando. Ita ce ban san inda ta kwana ba, kuma kai ma a Kwatano wani ya saya maka, ba ka ga inda ta fito ba."

"Akwai mai jiranta da kuɗi a hannu. Saboda 'yata na hana shi."

"Idan rabonsa ce, Allah ya sa masa albarka. Gobe dai."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce wa Yagana ta sauko. Ta ɗauki lambar da ke ƙasan gilashin gaba, da wadda ke jikin ƙofar direba. Ita tana karantawa daga jikin mota, ni ina bin ta takarda da yatsa, ko da yake baƙaƙen boko ba su zauna mini kamar na ajami ba. Duk suka yi daidai. Ba Modu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga motar ya ja, ko sallama bai yi mini ba. Dabino da goro suka koma cikin gida yadda suka fito.

A cikin gida kuwa na sha magana. Hajja Fanna ba ta ɗaga murya, amma idan ta fara ba ta tsayawa.

"Malam, mutumin da ya yafe la'adarsa? Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifinka a kafaɗa? A gaban maƙwabtan da ba namu ba, muna zaman baƙunta? Bakanike ya ce lafiya, takarda ta ce lafiya, hancin kowa ya ce lafiya, sai waya ce za ta fi su sani?"

"Hajja, idan waya ta ce lafiya, da kaina zan je in durƙusa masa."

"Da wace gwiwar? Wadda kake sallah a zaune da ita?"

Yagana ta shiga ɗaki da wayarta, amma sabis ya ƙi, haka aka kwana ba labari.

Washegari da safe ina zaune ina feƙe alƙalami ta fito. Ta durƙusa ta miƙo mini wayar. Na sa tabarau. Ga farar motar nan a wani fili a ƙasar waje, a cikin layin motocin gwanjo. Laka ta yi mata ɗamara har saman hannun ƙofa. A hoto na gaba an buɗe ƙofofin, kujerun nan layi uku sun yi baƙi da dauɗa, ruwa kwance a inda direba yake sa ƙafa. Ga lambar a rubuce a jikin gilashi, ita ce dai wadda muka karanta jiya. Yagana ta fassara mini bayanin. Ambaliyar teku ce ta ci garin da motar take, kamfanin inshora ya biya mai ita ya ce ba ta gyaruwa, aka yi gwanjonta. Muna nan muna ta neman lakar Maiduguri a jikinta, ashe ruwan wata ƙasa ta sha ta ƙoshi kafin ta hau jirgi.

Hajja Fanna ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Ta ce innalillahi, ta mayar, ta shiga kicin. Ba a daɗe ba sai ga shayi ya fito da madara fiye da yadda aka saba ba ni. A wurinta wannan shi ne ban haƙuri, kuma na karɓa.

Ban kira kowa ba. Ni kaɗai na hau keken haya na tafi inda Ba Modu yake ajiye motocinsa, na ja shi gefe bayan wata bishiyar dogon yaro na nuna masa. Ya kalla ya ture hannuna.

"Hoton waya ne. Yanzu har mutum ana sa masa kan jaki a waya."

"To kira mai gyaran wayarin mota, ya buɗe inda mai wanki ba ya kaiwa."

Ya kira shi don ya ƙaryata ni. Mutumin ya kwance kujerar direba, ya cire murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya zare wani kan wayoyi. Duk bakinsu ya yi kore da tsatsa. Ya ƙwanƙwasa wani ƙarfe, sai ga yashi yana zubowa a tafin hannunsa, fari sol, mai laushi, irin wanda babu shi a ƙasar Barno. Ya ce wannan mota za ta yi tafiya wata ɗaya ko biyu lafiya, sannan wata rana ta mutu a tsakiyar titi, ko wayoyin su kama wuta. Ba Modu ya karɓi yashin ya murza a yatsunsa. Na san abin da yake gani, domin ni ma shi nake gani: ƙananan yara cike da kujerun nan, da Yagana a gaba.

Bai ce mini na gode ba, bai ce mini yi haƙuri ba. Ya ce in tafi gida. Amma ku rubuta wannan a zuciyarku game da shi: mai jiran nan da kuɗi a hannu ya zo a ranar, Ba Modu ya nuna masa yashin ya sallame shi. Ya mayar da motar ga wanda ya turo masa, da rigima mai tsawo da asarar da bai taɓa gaya mini yawanta ba. Daga baya na ji ko Damaturu ba ta kai ba, fitilu da abin share gilashi suka kama aiki da kansu, sai a kan babbar mota aka ƙarasa da ita.

Abin ya ci mana tsada. Makarantu suka buɗe Yagana ba ta da mota. Wasu iyayen suka gaji da jira suka nemi wani. Waɗanda suka tsaya, ita take ɗaukar hayar keke ta zauna a ciki ta raka 'ya'yansu ta dawo da su, ba ta samun komai sai gajiya, don kada alkawari ya faɗi. Ba Modu kuwa ya ɗauke ƙafa. Mu haɗu a masallacin Juma'a ya miƙo mini yatsu ya wuce. Muka koma Abbaganaram bayan an gyara gida, bai zo barka ba. Wanda ya saba jin ana ce masa Afuno kullum, sai ya ji ana ce masa Malam a bushe, shi ya san abin da na ji. A lokacin ne maganar cewa na kunyata shi ta bazu, ni kuwa ban iya kare kaina ba, domin kare kaina yana nufin in nuna wa duniya hoton motar da ya kawo.

Wata safiya ina zaure sai na ji ana kwaɗa sallama da muryar da na sani. Ya shigo a ƙafa, ba mota. Ya zauna, ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya jefa mini a cinya.

"Ga sunan kakarta nan, Afuno. Ba wa 'yata ta duba. Motar tana Kano, ban bari an taso da ita ba, ban ba da ko kafin alƙalami ba. Idan waya ta yarda, a kawo. Idan ba ta yarda ba, ta ci kanta a can."

Na ce, "Babarbare, ashe kana koyon karatu."

"Rufe mini baki. Ina shayi?"

Yagana ta duba a gabanmu. Wannan ta girmi waccan, kuma launinta wani ruwan ƙasa ne marar fasali. Tarihinta ya nuna an taɓa bugunta ta baya an canja ƙofar wurin zuba kaya, ba wani abu bayan wannan, kuma tafiyar da aka rubuta ta yi daidai da abin da agogonta yake nunawa. Da ta iso, muka sake gwada lambar jikinta da ta takarda, bakanike ya shiga ƙarƙashinta, mai wayarin ya buɗe inda ya buɗe wa waccan. Ƙura kawai ya samu. Hajja Fanna ta leƙo ta ce wannan ai kamar tukunyar da aka dafa wake. Ba Modu ya ce mata wake shi ke riƙe ciki, ta bar su da farar shinkafarsu.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, aka fito da dabino da goro. Ba Modu ya ce ya sallama, Yagana daga bakin zaure ta ce ta karɓa. Ya juyo ya kalle ni, bai buɗe hannu ba tukuna.

"Malam, akwai sauran abin da za a duba? Ko haƙoranta za ka ƙirga?"

Jama'a suka fashe da dariya. Na ɗaga hannuwana sama kafin kowa. Ban taɓa jan Fatiha da murya mai ƙarfi irin ta ranar ba, har na ƙarshen layi sai da suka ji suka ce amin.

Motar nan mai launin tukunya ita ce kuke gani har yau. Iyayen da suka tafi sun dawo, har Yagana tana mayar da wasu saboda babu wuri. Da kuɗinta aka sake buɗe shagon Bulabulin, da kuɗinta marayu suke karatu. Ba Modu kuwa yanzu ko keke za a kawo masa sai ya ce a turo lamba tukuna, yana gaya wa masu saye cewa dabararsa ce tun da can. Na bar masa.

Ranar da ta fara aiki, Yagana ta ce sai mun raka ta. Ni da shi muka yi ta gardamar wanda zai zauna a gaba, har yara suka fara cewa za su makara. A ƙarshe ta ce duk mu koma baya. Haka muka ratsa gari da sassafe, tsofaffi biyu a matse a tsakiyar 'yan makaranta, wata ƙaramar yarinya ta ɗora kwanon abincinta a cinyar Ba Modu, Yagana tana tuƙi tana kallonmu ta madubi tana dariya. Alhamdu lillahi.